Makafin Gizo-gizo na Cikin Kogo da Mutanen da Suka Bi Su da Fitila



Bahaushe ba ya buƙatar a gabatar masa da gizo-gizo. Tun yana zaune gaban kakarsa da daddare ya san Gizo mijin Ƙoƙi, mai wayo da tsamin baki. Da ya shiga makarantar allo ya tarar da sura sukutum mai sunan wannan halitta, Suratul Ankabut, ta 29 a jerin surori. Da intanet ta zo kuma bai je nesa neman suna ba, ya kira ta yanar gizo. Haɗa gizo-gizo da kogo ma ba baƙon abu ba ne a kunnensa. Littattafan sira sun kawo cewa lokacin Hijira, a shekarar 622 Miladiyya, da Manzon Allah (SAW) da Sayyidina Abubakar suka ɓuya kwana uku a Kogon Saur da ke kudu da Makka, gizo-gizo ya yi saƙa a bakin kogon, masu nemansu suka ga saƙar suka juya. Malaman hadisi sun yi magana a kan isnadin ruwayar, wannan kuwa fagensu ne. Abin lura a nan shi ne gizo-gizon da ke cikin wannan labari a bakin kogo yake. Laccar yau za ta wuce bakin, ta shiga can ciki inda hasken rana bai taɓa sauka ba, domin a can ma akwai masu ƙafa takwas.

A ɗauka mutum ya shiga kogo mai zurfi da tocila a hannu. Taku goma na farko yana cikin duniyar da ya sani: ga haske, ga gansakuka a jikin dutse, ƙadangare na iya gilmawa. Ya ƙara gaba sai hasken ya koma kamar na almuru, tsiro ya ƙare. In ya sha kwana ɗaya ko biyu ya kashe tocilar, zai gamu da duhun da ko ya kai tafin hannunsa kan hancinsa ba zai gan shi ba, ko da zai shekara yana jira idonsa ya saba. A nan babu rani babu damina, babu dare babu rana. Zafin wurin kusan ɗaya ne duk shekara, daidai da matsakaicin zafin ƙasar da ke samansa, iska kuma a jiƙe take sharkaf da laima. Abin da ya fi komai tsanani shi ne yunwa. Inda babu rana babu tsiro, abinci sai wanda ya shigo daga waje: ganyen da ruwa ya kwaso, kashin jemage, saiwar bishiya da ta huda rufin kogon, gyaren da ya yi ɓatan kai. Ƙananan ƙwari suna rayuwa a kan wannan ɗan abin, gizo-gizo kuma yana rayuwa a kansu. A kogo da yawa shi ne zaki, babu mafarauci sama da shi.

Masana sun kasa mazauna kogo gida uku. Wani masani na ƙasar Ostiriya, Schiner, ya fara wannan rabo a 1854, sai Emil Racoviță na Romaniya ya gyara shi a 1907, kuma shi ake amfani da shi har yau. Akwai baƙon kogo, wanda yake shiga ya fita, kamar jemage. Akwai masoyin kogo, wanda zai iya ƙare rayuwarsa a ciki amma ana samunsa a wasu wurare masu duhu da laima. Sai ɗan asalin kogo, wanda a ciki ake ƙyanƙyashe shi, a ciki yake mutuwa, in an fito da shi sarari bushewa zai yi.

Masoyin kogo da aka fi sani a Turai shi ne Meta menardi, babban gizo-gizo mai sheƙi, ruwan ƙasa-ƙasa, da idanunsa takwas lafiya lau. Babbansa yana gudun haske. Macen tana rataye jakar ƙwanta a rufin kogo, fara fat, mai siffar ɗigon ruwa, da ƙwai ɗaruruwa a ciki. Abin sha'awa yana wajen 'ya'yan. Bayan sun fito daga jakar, maimakon su guji haske irin na uwarsu, sai su nufe shi. Su taru a bakin kogon, kowanne ya saki siririn zare, iska ta ɗauke shi zuwa wani wuri. Da sun ɗan tasa sai halin ya juya, su koma neman duhu. Da wannan dabara suke yaɗuwa daga kogo zuwa kogo, har cikin tsofaffin rijiyoyi da ramukan haƙar ma'adinai. A 2012 masu bincike a Italiya sun gwada zaren da jakar ƙwan take rataye da shi, suka ga yana miƙewa har ninki bakwai da rabi na tsawonsa kafin ya tsinke.

Ɗan asalin kogo ba shi da wannan hanyar fita, kuma shi ne ya fi ɗaukar hankalin masana.

Labarinsa ya faro ne daga Kogon Postojna, a ƙasar da yau ake kira Sulobeniya, kogon da hanyoyinsa suka kai kimanin kilomita 24. A 1831 wani mai kunna fitilu ga masu ziyara, Luka Čeč, ya tsinci wani ɗan buzuzu marar ido mai siririn wuya. Kafin wannan lokaci malaman Turai suna ganin babu ƙwaron da zai iya zama dindindin a irin wannan duhu. Ferdinand Schmidt ya yi bayanin buzuzun a rubuce a 1832, masana suka fara tururuwa zuwa Postojna. Cikinsu akwai Jørgen Schiødte na ƙasar Denmak, wanda a 1847 ya sanar da gizo-gizo na farko marar ido da kimiyya ta sani, ya raɗa masa suna Stalita taenaria. Danginsa da ke zaune a sarari ido shida gare su. Shi ko alamar ido babu a kansa. Ba ya kafa tarkon saƙa, yawo yake a jikin dutse yana lalube da dogayen ƙafafunsa har ya ci karo da abin kamawa. Ya kamata a riƙe cewa wanda ya buɗe wannan fage na ilimi ba farfesa ba ne, ma'aikacin kogo ne mai lura da abin da ke gaban fitilarsa.

Daga 1847 zuwa yau lissafi ya yi nisa. Kundin sunayen gizo-gizo na duniya, wanda gidan adana kayan tarihin halittu na birnin Bern a Siwizalan yake kula da shi, ya cika nau'i 50,000 a watan Afrilun 2022. Wani nazari da Stefano Mammola da Marco Isaia na Jami'ar Turin suka fitar a 2017 ya ƙiyasta kusan nau'i 1,000 'yan asalin kogo ne, sun kuma fito daga dangi 48 daban-daban. A Turai kaɗai an lissafa nau'i 486 masu alaƙa da kogo, daga dangi 22. Wannan adadi na dangi shi ne zuciyar maganar. Gizo-gizon kogo ba zuriya ɗaya ba ce da ta bazu a duniya. Dangi da yawa ne kowanne ya tura nasa cikin duhu, a ƙasashe daban-daban da zamani daban-daban, amma sai ga su sun fito da kama ɗaya. Kamar marina ne: kowa da gidan ubansa, amma in sun taso daga karofi hannuwansu iri ɗaya ne.

Wace kama ce wannan? Ta farko rashin ido. Yawancin gizo-gizo ido takwas gare su, amma a cikin kogo ana ganin idon yana raguwa mataki-mataki. A kogwannin ƙasar Lawos, Peter Jäger na cibiyar bincike ta Senckenberg da ke Frankfurt ya sami 'yan gida ɗaya da ake kira Sinopoda, wani nau'in da ido takwas, wani shida, wani huɗu, wani biyu, har a 2012 ya sanar da Sinopoda scurion wanda ba shi da ko ɗaya. Ta biyu rashin launi. Launin jiki kariya ce daga rana da kuma ɓuya daga idon maƙiyi, a cikin kogo kuwa babu rana babu mai gani, sai jikin ya koma fari ko ruwan zuma, wani har ana hango abin da ke cikinsa. Ta uku tsawon ƙafa. A ƙafafun gizo-gizo akwai wasu siraran gashi masu jin motsin iska komai ƙanƙantarsa, da wasu 'yan tsage-tsage masu jin girgizar dutse ko ta zare, da wasu gashin masu ɗanɗano. Ƙafa ita ce idonsa da kunnensa da harshensa, shi ya sa tsawonta riba ce.

Akwai kuma abin da ba a gani da ido, wato tattali. Jikin ɗan asalin kogo yana ƙona abinci a hankali, yana iya wata da watanni bai ci komai ba. Ba ya zuba ƙwai barkatai, kaɗan yake yi amma manya, don ɗan da zai fito ya zo da guzurin da zai kai shi ga farautarsa ta farko. Telema tenella, wani ɗan mitsitsin makaho da Eugène Simon ya bayyana a 1882 daga tsaunukan Firenis na kudancin Faransa, bai kai milimita biyu ba, ƙwai uku ko huɗu macen take sawa a jaka, amma yana iya haura shekara goma a raye. Gizo-gizon da ke saƙa a kusurwar ɗaki, shekara ɗaya ko biyu ya gama.

Me ya sa idon yake tafiya? Charles Darwin a 1859 ya danganta abin da rashin amfani. Masanan yau suna da bayani biyu, kuma ba lalle ɗaya ya kore ɗaya ba. Na farko, a sarari duk ɗan da aka haifa da lalataccen ido ba ya kai labari, amma a cikin duhu shi da mai ido daidai suke, don haka irin wannan canji a ƙwayoyin gado yana taruwa zuriya bayan zuriya ba mai tace shi. Na biyu, ido yana da tsada. An auna wannan a jikin wani kifin kogo na ƙasar Meziko, aka ga ido da sashen ƙwaƙwalwar da ke yi masa aiki suna cin har kashi 15 cikin 100 na ƙarfin da ƙaramin kifi yake ƙonawa yana hutawa. A gidan da ake ƙirga loma, wanda ya sauke wannan nauyi ya fi ɗan'uwansa damar rayuwa. Kiran waɗannan halittu nakasassu kuskure ne. Kowace gaɓa tasu ta dace da wurin da suke.

Shekaru da dama masana sun ɗauka wannan al'amari na ƙasashen sanyi ne kawai. Bayaninsu shi ne zamanin ƙanƙara ya kashe na sarari, waɗanda suka fake a kogo suka tsira suka maƙale a can. Bisa wannan tunani, ƙasashe masu zafi ba su da abin nema, kuma mutane kaɗan ne suka damu su duba. Sai a 1971 Francis Howarth na gidan tarihi na Bishop da ke Honolulu ya shiga ramukan da narkakken dutse mai aman wuta ya bari a tsibiran Hawayi. Tsibirai ne masu zafi, ba su ga zamanin ƙanƙara irin na Turai ba, ramukan ma sababbi ne in an gwada da na farar ƙasa. Amma ya tarar da su cike da makafin ƙwari. A tsibirin Kauai aka sami gizo-gizon da Willis Gertsch ya raɗa wa suna Adelocosa anops a 1973. Danginsa, waɗanda ake yi wa laƙabi da kyarkeci saboda farauta da gudu, an san su da manyan idanu masu ƙyalli in an haska su da dare. Shi ba shi da ido sam. Amma bai bar halin gidansu ba: macen tana yawo da jakar ƙwanta, in sun ƙyanƙyashe ta goya su a bayanta. Bambancin shi ne 'yan'uwanta na sarari suna goya ɗari ko fiye, ita kuwa 15 zuwa 30. Howarth ya kawo sabon bayani, cewa ba lalle sai masifa ta kora halitta cikin kogo ba, abinci ma yana jan ta, kamar saiwoyin bishiya da ke ratayowa daga rufin ramin da ƙwarin da ke cin su. Wannan bincike ya buɗe ƙofar kogwannin ƙasashe masu zafi, daga Barazil zuwa kudu maso gabashin Asiya.

A Lawos ɗin nan ne dai aka sami gizo-gizon da ya fi kowanne faɗin ƙafa a duniya, Heteropoda maxima, santimita 30 daga ƙafa zuwa ƙafa, wato faɗin babban faranti. Jäger bai fara ganinsa a kogo ba. A cikin kwalba ya gan shi a gidan tarihin halittu na Faris, inda ya shekara da shekaru a ajiye babu wanda ya duba shi da kyau, ya bayyana shi a 2001. A tsibirin Tasmaniya na Ostireliya akwai Hickmania troglodytes mai faɗin santimita 18, mai saƙar da takan kai mita guda, wanda 'ya'yansa sukan yi wata takwas ko fiye a cikin jaka kafin su fito. A jihar Oregon ta Amurka kuma, a 2010, masu sha'awar shiga kogo suka kamo wani mai ƙugiyoyi a ƙarshen ƙafafunsa kamar lauje. Masana suka juya shi ta ko'ina bai shiga kowane dangi da aka sani ba, dole a 2012 aka buɗe masa dangi nasa shi kaɗai. An sa masa suna Trogloraptor marchingtoni don girmama Neil Marchington, wani jami'in ɗan sanda da yake bin kogo a lokacin hutunsa. Waɗanda aka ajiye a ɗakin bincike an ba su ƙwari iri-iri, suka ƙi ci.

A ɗaya gefen ga Anapistula ataecina na ƙasar Fotugal, wanda Pedro Cardoso da Nikolaj Scharff suka bayyana a 2009. Tsawonsa kimanin rabin milimita ne, ƙwayar gero ta fi shi girma nesa ba kusa ba, kuma shi ne mafi ƙanƙanta a Turai. Mata kawai aka samu, abin da ya sa masana suke zaton suna hayayyafa ba tare da namiji ba. Duk duniyarsa 'yan kogwanni ne kusa da garin Sesimbra, a yankin da ake fasa dutsen farar ƙasa. Yana cikin jerin halittun da suke dab da ƙarewa.

To yaya ake wannan bincike? Babu wata babbar na'ura a farkonsa. Mai bincike yana shiga da fitila a goshi, ya durƙusa cikin taɓo, ya riƙa ɗaga duwatsu ɗaya bayan ɗaya yana mai da kowanne yadda ya same shi. A hannunsa akwai ɗan lallausan buroshi irin na masu zane da 'yar kwalba mai sifirit. Yakan wuni bai ga komai ba. In ya dace ya ga ɗan farin abu yana motsi, sai ya riƙe numfashinsa, domin hucin bakinsa kaɗai ya isa ya sa shi ya shige tsaga. Nan ma wani darasi ne da masanan Faransa suka fito da shi a 1980: ainihin gidan waɗannan halittu shi ne dubban tsage-tsagen da ke cikin dutse, waɗanda ko yatsa ba ya shiga. Kogo taga ce kawai da mutum yake iya leƙawa ta cikinta.

Kamawa ma ba ita ce ƙarshen wahala ba. Ba a tantance nau'in gizo-gizo da launi ko girma, sai da siffar al'aurarsa a ƙarƙashin madubin ƙara girma, wannan kuwa sai baligi. Yawancin waɗanda ake kamawa yara ne. A filin Nullarbor na Ostireliya akwai wasu manyan makafi da ake kira Troglodiplura, waɗanda a 2020 aka bayyana sababbin nau'i huɗu nasu, galibi daga gutsattsarin gawa da saɓar da aka tsinta a ƙasan kogo.

Labarin da ya fi nuna nauyin wannan aiki ya faru ne a birnin San Antonio na jihar Teksas. Ƙasar wurin farar ƙasa ce mai ramuka kamar soso, kuma cike take da wasu ƙananan makafin gizo-gizo da ake kira Cicurina, nau'i kusan sittin a faɗin jihar, da yawansu daga mace ɗaya ko biyu aka san su. A 1980 wani masanin ruwan ƙarƙashin ƙasa, George Veni, ya kamo guda ɗaya a wani kogo, aka sa mata suna Cicurina venii. Daga baya aka cike bakin kogon, ba a sake ganin irinta ba. A shekarar 2000 gwamnatin Amurka ta sa ta cikin halittun da doka ta kare. Ana nan sai a 2012, ana tsakiyar aikin hanya na dala miliyan 15, ruwan sama ya buɗe wani rami a wurin aikin. Masu nazarin halittu da doka ta tilasta a ajiye a wurin suka leƙa, suka ga ɗan farin gizo-gizo marar ido. Aka kai wa ƙwararre, ya ce ya yi daidai da Cicurina venii. Aka tsai da aiki, aka sake zanen hanyar, aka mai da ita gadar sama, kuɗin ya haura ninki biyu, mutanen gari da yawa suka fusata. Shekara shida bayan haka, a 2018, Marshal Hedin da abokan aikinsa suka yi amfani da sababbin dabarun karanta ƙwayoyin gado, suka sake duba tsohon samfurin, suka nuna cewa Cicurina venii ba nau'i ne mai zaman kansa ba, ɗaya yake da Cicurina madla, wanda shi ma doka ta kare shi. A 2022 aka cire sunan daga jerin. Wani zai ce masana sun yi kuskure, kuma gaskiya ne. Amma kuskuren ya samo asali ne daga ƙarancin samfuri da ƙarancin masu wannan sana'a, kuma su da kansu suka gano shi suka buga shi a fili. Raɗa wa ƙwaro suna ba wasan malamai ba ne, yana iya tsai da katafila.

Duk abin da aka faɗa a baya game da yunwar kogo yana da togaciya, kuma togaciyar ta fito fili kwanan nan. A kan iyakar Girka da Albaniya akwai wani kogo da ake kira Kogon Farar Wuta, bakinsa a Girka, cikinsa a Albaniya. Wani rafi mai ɗumi yana ratsa shi, mai warin ruɓaɓɓen ƙwai, zafin wurin kimanin digiri 26 duk shekara. A 2022 masu binciken kogo daga ƙasar Cek suka shiga, kimanin mita 50 daga baki suka haska bango suka ga saƙa ta lulluɓe shi kamar an shimfiɗa bargo. István Urák na Jami'ar Sapientia da ke Romaniya da abokan aikinsa suka auna ta, suka buga sakamakon a watan Oktoban 2025. Faɗinta murabba'in mita 106, wato ya fi daɓen ɗaki shida masu mita huɗu-huɗu. Mazaunanta kimanin 111,000 ne: wajen 69,000 Tegenaria domestica, sauran 42,000 kuma wani ƙarami mai suna Prinerigone vagans. Dukansu biyu sanannu ne a sarari, na farkon ma a gidajen mutane yake zama, kuma ba a taɓa saninsu da zaman taro ba. A waje babban zai iya cinye ƙaramin. A nan suna zaune kafaɗa da kafaɗa, dubban ƙananan saƙa masu kama da mazurari sun haɗe sun zama ɗaya.

Sirrin yana cikin ruwan. Wasu ƙwayoyin halitta da ido ba ya gani suna samun ƙarfinsu daga iskar farar wuta maimakon hasken rana, suna yin wani farin yauƙi a kan duwatsu. Tsutsotsin wasu ƙananan ƙwari masu kama da sauro amma ba sa cizo suna cin yauƙin, in sun yi fiffike su tashi su cika kogon, an ƙiyasta sun haura miliyan biyu. Gizo-gizo kuma ya kafa tarkonsa a daidai inda suka fi yawa. Gwajin sinadaran jikinsu ya tabbatar da cewa abincin nasu daga farar wutar ya faro, ba daga waje ba, ƙwayoyin gadonsu ma sun fara bambanta da na 'yan'uwansu na sarari. An taɓa ganin irin wannan tsari a Kogon Movile na Romaniya, wanda ma'aikata masu gwajin ƙasa suka huda a 1986 bayan ya yi shekaru kimanin miliyan biyar da rabi a rufe, aka tarar da nau'in halittu fiye da 30 da babu su ko'ina, har da makafin gizo-gizo. Bambancin shi ne na Movile sun daɗe har sun rasa ido, na Kogon Farar Wuta kuwa da idanunsu, kamar yanzu suka shiga.

Halittar da duk duniyarta kogo ɗaya ne ko tsauni ɗaya, abu kaɗan ya ishe ta. Makahon Kauai yana cikin jerin masu fuskantar ƙarewa tun 2000, saboda gine-gine da maganin ƙwari da sare itatuwan da saiwoyinsu ke ciyar da abin da yake ci. A tsaunukan Alfs na Italiya, gwajin da Mammola da Isaia suka yi wa gizo-gizon Troglohyphantes ya nuna waɗanda suka fi sabawa da zurfi ba sa jure ƙarin zafi sai na 'yan digiri kaɗan, ga shi zafin kogo yana bin na ƙasar da ke samansa, ko da a makare. A New Zealand hukumar kula da muhalli ta rufe wani kogo na tsawon shekara guda a 2022 don babban gizo-gizon Spelungula ya samu ya hayayyafa ba tare da takun masu yawon buɗe ido ba.

Duk wanda ya bi sunayen ƙasashen da aka ambata zai lura da gefen da taswirar ta karkata. Turai, Amurka, Ostireliya, sai kwanan nan Sin da maƙwabtanta. Wannan taswirar inda masu fitila suka shiga ce. A Afirka an taɓa ɗan aiki: Faransawa biyu, Charles Alluaud da René Jeannel, sun tattara ƙwari a kogwannin Shimoni na gaɓar Kenya da na kusa da Tanga a Tanzaniya a 1911 zuwa 1912, an kuma yi bincike a Afirka ta Kudu, musamman Kogon Cango da na Tsaunin Tebur. Afirka ta Yamma tana cikin yankunan da aka fi bari a baya. Ga Kogon Ogbunike a jihar Anambra da jemagunsa. Ga ramuka 59 da mutanen dauri suka sassaƙa a jikin dutse a dajin Yankari. Ga lungunan duwatsun Birnin Kudu. Ga shimfiɗar farar ƙasa a Kalambaina da Ashaka da Malbaza, irin dutsen da ruwa yake rarakewa ya bar tsaga da rami. Yawancin na arewa ba su da zurfin Postojna, amma binciken Hawayi ya riga ya nuna zafin ƙasa ba ya hana, na Faransa kuma ya nuna tsaga ma gida ce.

Saboda haka kira yana kan sassan nazarin dabbobi na jami'o'inmu da ɗaliban da ke neman abin da za su yi bincike a kai. Kayan aikin ba su fi ƙarfin sashe ba: fitilar goshi da ta ko-ta-kwana, buroshi, kwalabe, sifirit, ma'aunin zafi da laima, da littafin rubuta wuri da rana. A fara da neman izinin mai gari da rakiyar mafarauta da makiyayan da suka san wurin. Kada kowa ya shiga shi kaɗai, kada a shiga da damina inda ruwa ke bi, a rufe hanci da baki inda kashin jemage ya taru domin ƙurarsa tana sa ciwon huhu, a yi hattara da maciji a bakin rami. A ɗauki kaɗan, a bar saura, a mai da kowane dutse mazauninsa. Abin da aka kamo a ajiye shi da cikakken bayani a ma'ajiyar jami'a inda wani zai same shi bayan shekara hamsin, kamar yadda Jäger ya sami nasa a Faris.

Allah Ya sa a cikin ɗaliban da ke zaune a wannan zaure a sami wanda zai fara.